Tsuntsun da Ya Biyo Ni Daga Gwaram

Wani kuka ne ya tashe ni a daren. Ba na kwaɗo ba ne, don kwaɗin ƙarshen damina na san muryoyinsu kamar yadda na san na maƙwabtana. Ba mujiya ba ce kuma. Abin yakan ja siriri, dogo, kamar ana hura iska ta cikin karan dawa da ya tsage, sai ya tsaya, sai kuma ya yi ɗan haushi gajere irin na kwikwiyon da aka kifa wa masaki. Na tashi zaune a kan tabarmata a zaure, na kasa kunne. Daga cikin gidana yake fitowa, ta wajen bishiyar darbejiyar da ke kusa da sashen ɗana Rabi'u.

Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe ya biyo ni.

Sai in faɗi ko ni wane ne, don a gane dalilin wannan murna. Sunana Ƙasimu, a wani ƙauye nake a yankin Kiyako ta ƙasar Birnin Kudu. Na yi allo, na kuma yi boko zuwa aji huɗu kafin mahaifina ya ce gona ta fi bukatata. Abin da na samu a ajin nan shi nake rubutu da shi yanzu. Tun ina yaro abin mamaki ke jana. In na ga dutse mai kamar kan rago sai na ɗauko shi. Akwai lokacin da na yi wuni guda a duwatsun Birnin Kudu ina ƙwanƙwasa wanda ke amsawa kamar kuge, har na manta da buhun gyaɗar da na je sayarwa. A taskar zaurena akwai ƙwan zabuwa mai tsawo kamar yatsa, da zangarniyar gero mai kai biyu, da wani ƙaho da har yau ban san na wace dabba ba ne. Mutanen garinmu suna kirana Ƙasimu Na-Mamaki, kuma ba yabo ba ne.

To, wannan kuka na taɓa jin sa. Kwanaki kaɗan kafin nan na je Gwaram sunan jikar ƙanwata Zahara'u, na tafi da jikata Munawwara, 'yar Rabi'u, yarinya 'yar shekara shida wadda ba ta barin gefena. Mun kwana a can. Da asuba ina alwala a bayan gida sai na ji irin wannan sauti daga ƙetaren danga. Na leƙa, na zaga, ban ga komai ba. Na tambayi mutanen gidan ko wane tsuntsu ne, suka ce su ba su ji ba, hidimar suna ta sha musu kai. Na dawo gida da abin a zuciyata. Shi ya sa da na ji shi a gidana na ɗauka baƙon tsuntsu ne ya yi mini rakiya.

Da gari ya waye na shiga cikin gida na tsaya ƙarƙashin darbejiya ina duba rassa. Matata Dada ta fito daga sashen Rabi'u da ƙwarya a hannu, idonta ya yi ja.

Ta ce, "Malam, me kake nema a sama?"

Na ce, "Tsuntsun Gwaram. Jiya ya kwana yana kuka a nan."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta ce, "Wane tsuntsu? Jikarka ce. Numfashinta ne. Mu mun kwana a kanta, kai kana can kana kiwon tsuntsaye."

Na san Munawwara na zazzaɓi, na kuma san tana kukan maƙogwaro, amma na ɗauka murar sauyin yanayi ce. Da na shiga ɗakin sai na tarar da ita jingine a jikin uwarta Juwairiyya. Wuyanta ya kumbura har ya haɗe da haɓa. Yawu na zuba ta gefen bakinta don ba ta iya haɗiyewa. Duk jan numfashi sai ramin wuyanta ya lotsa, sai wannan siririn kuka ya fito. Ta ɗago ido ta gan ni. Kullum da safe takan ce mini, "Tsoho, yau me ka tsinto?" Ran nan bakinta ya motsa, amma babu abin da ya fito.

Maƙwabciyarmu Inna Kubra tana zaune a bakin gado. Tsohuwa ce da ta girme ni, katanga ɗaya ta raba mu, kuma babu haihuwa ko rashin lafiya a unguwar da ba a kiranta.

Ta ce, "Beli ne ya sauko. Na san shi. Haka Maikano na ya yi. A kira wanzami tun rana ba ta yi ba."

Maikano ɗanta ne na fari. Ya rasu yana yaro tun zamanin da ni ma ina saurayi, kuma kowa a garin ya san beli ne ya kashe shi, an cire amma an makara.

A wajenmu haka abin yake. In yaro ya kasa haɗiya, ko murya ta shaƙe, sai a ce belin da ke rataye a can cikin maƙogwaro ne ya yi tsawo, in aka bar shi zai toshe hanya. Wanzami ya zo ya danne harshe, ya sa 'yar askarsa mai lanƙwasa ya tsinke shi, a ba yaro ruwan ɗumi da kanwa, shi ke nan. An yi mini, an yi wa Rabi'u. Ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Rabi'u ya hau babur ya ɗauko Hambali wanzami.

Hambali gadon sana'ar ya yi. Ubansa ne ya yi mini kaciya, shi kuma shi ke aske mini kai duk Juma'a, kuma bai taɓa gamawa bai tsokane ni ba. Yana shigowa da zabirarsa a kafaɗa ya ce, "Na-Mamaki, an ce ka yi baƙo daga Gwaram. Ka ba shi tsaba kuwa?"

Ashe har labarin ya fita. Na ce, "Bar wannan, Hambali. Duba mini yarinya."

Aka fito da ita tsakar gida inda haske yake. Rabi'u ya zaunar da ita a cinyarsa ya riƙe hannuwanta. Hambali ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya zaro askar ya ajiye a kan gwiwarsa. Ya danne harshenta da ɗan itacensa ya leƙa. Ni ma na leƙa ta bayan kafaɗarsa, don ba na iya ganin ana leƙa abu ban leƙa ba. Can ciki akwai wani abu fari-fari mai duhu, kamar tsumman da ya daɗe a ruwa, ya lulluɓe ko'ina. Wani wari kuma na fitowa.

Hambali ya daɗe a tsugune. Sai ya janye itacen, ya ɗauki askar ya mayar cikin zabira ya ɗaure.

Rabi'u ya ce, "Yaya dai?"

"Ba zan yanka ba."

"Kamar yaya ba za ka yanka ba?"

"Wannan ba beli ba ne. Kwanakin baya an tara mu a asibitin Kiyako, mu wanzamai da ungozomomi da masu maganin gargajiya. An nuna mana hoton wannan abu a waya. Mashaƙo sunansa. Suka ce duk wanda ya ga farin nan a maƙogwaron yaro kada ya taɓa, in an taɓa jini ne zai ɓalle, abin ya ɓantare ya toshe numfashi. Suka ba mu lamba."

Inna Kubra ta ce, "Yau ga sabon salo. Ubanka bai taɓa mayar da aska ba jini a jikinta ba."

"Ubana bai ga hoton ba, Inna."

Rabi'u ya fusata. Ya ce yarinya na mutuwa a hannunsa ana yi masa zancen hoto. Ya ce in Hambali tsoro yake ji akwai wani wanzami a Yalwan Damai. Hambali ya miƙe. Ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu, ya jefa ɗan itacen nan cikin murhu, ya ciro wayarsa ya koma gefe. Ina jin sa yana cewa, "Ranki ya daɗe, Hambali ne, wanzamin nan mai surutu. Na ga abin da kuka ce."

Da ya gama ya juyo wajena, ba wajen Rabi'u ba. Ya ce, "Malam Ƙasimu, kai ne babba a gidan nan. Ka hana shi fita da ita har su zo."

Ni ba mutum ne mai hana abu ba. A gidana Dada ke yanke magana, kowa ya sani. Amma na je na zauna a bakin ƙofar zaure na miƙe ƙafafuna. Rabi'u ya zo da yarinyar a kafaɗa, ya tsaya a kaina. Na ce, "In za ka wuce sai ka tsallake ni." Ya tsaya yana huci. Daga baya ya juya ya koma ciki.

Kafin azahar sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar gida, yara na bin ta a guje. Mace ce ta fara fitowa, doguwa, da hijabi ruwan toka da takunkumi a fuska. Ta ce sunanta Hidaya, ita ce mai sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Ta gaishe ni har ƙasa, ta nemi izinin shiga. Abu na farko da ta yi shi ne korar yaran da suka cika zauren, cikin raha, ta ce duk wanda ta sake gani a nan ita da shi ne da allura. Suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Ta duba Munawwara da 'yar fitila. Ta goga wani tsinke mai auduga a maƙogwaronta ta sa a kwalba, ta ce za a kai a auna. Amma ta ce ba za a jira sakamako ba, yanzu za a tafi da ita asibitin Birnin Kudu, inda aka ware ɗaki domin masu wannan ciwo. Ta yi wa Rabi'u bayani a hankali. Ta ce ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaro ta saƙa wannan farin abu, sannan tana zuba dafi a jini wanda ke iya taɓa zuciya. Akwai maganin da ke kashe ƙwayar, akwai kuma wanda ke karya dafin, kuma na biyun ba ya son jinkiri.

Rabi'u ya ce, "Za ta tashi?"

Ta ce, "Rai na hannun Allah. Amma da an yanka, da maganar da muke yi yanzu daban ce. Ku gode wa wanzaminku."

Ta tambayi Juwairiyya ko an yi wa yarinyar rigakafi tana jaririya. Juwairiyya ta ce an yi sau ɗaya, ta kwana tana zazzaɓi, sai aka ce a bari. Dada ta sunkuyar da kai. Malama Hidaya ba ta yi faɗa ba. Ta ce wannan zazzaɓin na kwana ɗaya ne, alamar allurar na aiki, kuma sai an cika sauran kafin ta tsare yaro. Aka sa Munawwara da uwarta a mota, direba da wani ma'aikaci suka tafi da su. Ita Malama Hidaya ta zauna.

Ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zaunar da mu, ta shiga tambaya. Wa ke kwana ɗaki ɗaya da yarinyar? Da wa take cin abinci? Wace makarantar allo take zuwa? Ta je wani gari kwanan nan? Duk wanda aka ambata sai ta ce a kira shi. Ta raba mana ƙwayoyi, manya da yara, ta ce mu sha har su ƙare ko da muna jin garau, kuma mu rage shiga mutane. Inna Kubra ta karɓi nata tana juya su a tafin hannu kamar an ba ta tsakuwa.

Da aka zo maganar tafiya, Dada ta ce, "Sun je Gwaram suna, ita da kakanta."

Malama Hidaya ta juyo. "Baba, a can ka ga wani yaro mara lafiya?"

Na ce ban gani ba. Sai bakina ya ƙi haƙuri, na ce, "Sai dai tsuntsun."

Rabi'u ya ce, "Baba, don Allah. Ba yanzu ba."

Ta ɗaga masa hannu. "Wane tsuntsu, Baba?"

Na ba ta labari tun daga alwala. Na san yadda mutane ke yi in ina irin wannan zance, sukan dubi juna, wani ya yi murmushi, wani ya tuna yana da aiki. Ita ba ta yi haka ba. Ta matso. Ta ce in kwaikwaya mata kukan. Na kwaikwaya, a gaban iyalina da maƙwabta, tsoho da furfura yana kukan tsuntsu. Ta ce, "Iri ɗaya ne da na jikarka?"

"Ko uwarsu ɗaya sai haka."

"Ta wane gefen danga?"

"Gabas. Inda ake ɗaure shanu."

"In an kai ka za ka gane gidan?"

Na ce ko da ido rufe.

Gwaram ba ƙasarta ba ce, ƙaramar hukumar can tana da nata mai sa ido. Nan take ta buga masa waya, suka yi magana. Washegari da sassafe aka ɗaura mini takunkumi aka sa ni a bayan mota. Ban taɓa shiga motar gwamnati ba. A hanya gero ya nuna, ana ta yanka, ga tsaunuka can nesa sun yi shuɗi, amma ban iya kallonsu yadda na saba ba. Hankalina na Birnin Kudu.

Mun tarar da takwaran nata yana jiranmu a bakin tasha da babur, da wakilin mai unguwa. Na kai su gidan Zahara'u, na zaga da su bayan gida, na nuna dangar. Gidan wani mai shanu ne da ake kira Bappa, mutumin kirki, matarsa ce ta kawo nonon da aka dama furar suna. Muka yi sallama ya fito. Da aka tambaye shi ko akwai yaro mara lafiya, sai ya ce akwai wanda ya yi, amma Allah ya karɓi abinsa, kwana biyu bayan sunan. Ya ce beli ne. Sun yi niyyar kai shi wajen wanzami da safe, bai kai safen ba.

Ashe ran nan da asuba, ina riƙe da buta ina duban rassan itace, yaro ne ke neman numfashi taku kaɗan daga inda nake.

Zahara'u ta tuna cewa a ranar sunan yaran sun zauna da ƙwarya ɗaya da ludayi ɗaya suna shan fura, har da Munawwara, har da yaron, wanda a lokacin zazzaɓi kawai yake yi. Malama Hidaya ta ce a fito da sauran yaran gidan. Aka fito da su. Biyu jikinsu da zafi. Ta haska maƙogwaron ƙaramar, ta kira takwaranta ya duba, suka dubi juna. Farin ya fara, ɗan kaɗan, kamar an ɗiga koko. A ranar aka tafi da su biyun. Bappa da farko ya ƙi, ya ce wa zai bar wa shanu. Wakilin mai unguwa ya ce shi zai sa a kula da su. Sannan suka bi gidajen duk waɗanda suka zo sunan, har wani ƙauye da mota ba ta shiga, sai a babur.

A hanyar dawowa na ce mata, "Da na san mutum ne, da na yi magana tun ran nan."

Ta ce, "Baba, mutum nawa ne suka kwana a gidan sunan? Kai kaɗai ka ji, kai kaɗai ka riƙe. Yaran nan biyu kunnenka ne ya kawo mu wurinsu."

Na juya ina kallon gonaki don kada ta ga idona.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana tsawo. Ba a barin kowa shiga ɗakin da Munawwara take sai uwarta. An ce maganin karya dafin ba a ajiye shi ko'ina, daga Dutse aka kawo shi cikin akwatin sanyi a daren da aka kwantar da ita, aka sa mata ta jijiya. Rabi'u na kwana a barandar asibiti. Kullum da yamma yakan bugo waya, mu taru a kan wayar Dada. Yau an ce numfashi ya ɗan sauƙaƙa. Gobe an ce zuciyarta na gudu, likita ya hana ta ko tashi zaune. Ran da aka faɗi wannan Dada ba ta ci abinci ba. Ni kuma na shiga zaure na sauke duk tarkacen taskata na goge su ɗaya bayan ɗaya, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Da na gama shan ƙwayoyina aka yarda in je. Ta taga na gan ta. Ta rame, wuyan ya saɓe, an sa mata ƙarin ruwa a hannu. Na ɗaga mata zangarniyar geron nan mai kai biyu, wadda kullum take roƙo in ba ta ina hanawa. Ta yi murmushi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Baba, ba a shigo da kayan gona nan." Na ce ba shigowa zan yi da ita ba, nuni kawai. Ta yi dariya ta ƙyale ni.

A garinmu kuwa aiki ake. Sakamakon awo ya dawo, mashaƙo ne. Mai shela ya zaga da yamma, liman ya yi magana bayan sallar Juma'a. Ma'aikata suka zo da akwatunan sanyi a bayan babura suka zauna a ƙofar gidan dagaci, suka yi kwanaki suna yi wa yara allura, har da waɗanda suka girma. Wasu iyaye sun noƙe. Hambali ne ya riƙa bin su gida gida da zabirarsa, yana cewa, "Ni da nake cin abinci da aska na ce ku je, ku me za ku rasa?" Wani ya ce masa gwamnati ta saye shi. Ya ce, "Da ta saye ni da na canza wannan takalmin." Malama Hidaya takan dawo bayan 'yan kwanaki ta leƙa maƙogwaron yaran unguwa. An sami yaro ɗaya a makarantar allonsu Munawwara, aka kai shi da wuri, bai ma kai ga kukan ba. Bayan shi ba a sake samun kowa ba.

Duk kwanakin nan na lura Inna Kubra kullum tana zuwa ƙofar gidan dagaci ta zauna a gefe, tana kallon yaran da ake yi wa allura suna kuka suna tafiya.

Munawwara ta dawo gida ana tsakiyar ɗaurin gero. Da ƙafarta ta shigo zaure, a hankali, riƙe da hannun ubanta. Ta dube ni ta ce, "Tsoho, yau me ka tsinto?"

Muryar ba tata ba ce. Ta hanci take fitowa, kamar mai magana cikin tulu. In ta sha koko da sauri sai ya fito mata ta hanci. Likita ya riga ya gaya wa Rabi'u cewa dafin ne ya taɓa wurin, zai saki da kansa, a dai riƙa ba ta abu mai kauri a hankali, a kuma dawo da ita a duba. Haka aka yi, kuma ya saki. Amma a ranar, ni da ba na jin sabon sauti ban bi shi ba, na ji wannan murya na ce ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba. Na ɗauko zangarniyar na ba ta. Na ce, "Ke na tsinto."

Da la'asar maƙwabta suka taru yi mana barka. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Hambali ya zo, Rabi'u ya tashi ya ba shi wurin zamansa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Hambali ya ce, "Sake ni, da shi nake aski." Aka yi dariya. Malama Hidaya ta biyo ta hanyarta ta zuwa wani gari, ta ce ba za ta zauna ba, ta zo ne ta gaya mana yaran Bappa biyu sun koma gida, ta kuma tuna wa Juwairiyya ranar da za a kai Munawwara a cika mata allurarta. Dada ta ce, "Ni zan kai ta da kaina." Ta cusa wa Malama Hidaya ƙullin gyaɗa a jaka, tana ƙi ana turawa. Ni na yi ta shirya maganar godiya tun da safe, da na buɗe baki sai kawai na ce, "Allah ya yi miki albarka, ya tsare miki naki." Ta ce amin, ta ce in na sake jin wani tsuntsu in sa a kira ta.

Tana shirin fita sai Inna Kubra ta yi gyaran murya. Tana zaune a jikin katanga, Munawwara na kusa da ita tana wasa da zangarniya. Ta sa hannu ta shafa wuyan yarinyar, a hankali, daga haɓa zuwa ƙirji.

Ta ce, "'Yar nan, tsaya in tambaye ki. Maikano na, irin wannan kukan ya kwana yana yi. Wuyansa ma haka ya kumbura. Da safe aka yanka, kafin azahar ya tafi." Ta dubi Malama Hidaya, ta dubi Hambali, ta dube ni. "Shi ma da an mayar da askar, da yanzu yana nan?"

Hambali ya sunkuyar da kai yana kallon zabirarsa. Malama Hidaya ta dawo daga bakin ƙofa, ta tsuguna a gaban tsohuwar ta riƙe hannunta. Can waje wani yana kora jakai da kayan gero, muna jin ƙarar kofatansu har suka wuce.